Wayar da Bishiya Ta Haɗiye

Shekara talatin ke nan da Mai Lambu ya ɗaure 'yar bishiyar mangwaron tsakar gidansa da waya a jikin turke, don kada ta tashi a karkace. Ta kuwa miƙe sambal. Sai dai ya manta bai kwance ba, bishiyar ta yi ta kauri har ta haɗiye wayar. Yanzu ɗan bakin wayar kawai ake gani, duk tsatsa.

Babban ɗansa ya zo gaisuwa, ya tarar da shi yana fama da filaya.

"Kana ganin za ta fita?" in ji tsohon.

"Yadda ka ce, Baba."

Tsohon ya ɗago ya dube shi. Ƙaton mutum, har da furfura a gemu, amma ya tsaya ƙiƙam, ido a ƙasa, kamar ranar da ya zane shi don ya fasa kofi. Duk unguwa da shi ake kwatance, bai taɓa yi masa musu ba. Bai kuma taɓa yi masa hira ba.

"Zauna mana, mu ɗan taɓa hira," in ji tsohon.

"To, Baba." Ya ɗosana a bakin benci yana jiran umarni.

Tsohon ya sake jan wayar, ta gutsure. Sauran na can ciki, inda wuƙa ba za ta kai ba sai an kashe bishiyar. Ya ajiye filayar, ya zauna kusa da ɗansa. Ɗan ya yi maza ya matsa, ya bar masa bencin gaba ɗaya.