Tsagar da Baba Ya Shafe

Bangon ɗakinmu yana da tsaga tun daga rufi har ƙasa, hannu ma yana shiga. Ta nan ruwa ke bi ya jiƙa katifar Auta, ƙanena mai tarin da ya ƙi jin magani. Duk damina sai mun jera kwanuka muna tarar ɗigo, har da tukunyar miya.

Sai aka ce wata ƙungiyar agaji za ta zagaya unguwa, ta duba gidajen da suka fi lalacewa, ta gina musu sabon ɗaki. Na ce wa Inna, "Don Allah a bar komai yadda yake, su gani da idonsu."

Ta harare ni kamar na zage ta. "Baƙi za su shigo mana, ki ce in bar ɗaki haka? Ke ba ki da kunya?"

Baba kuwa magini ne, a kan katangun mutane ya tsufa. Ya roƙo ragowar siminti a wurin aiki, ya shafe tsagar nan sumul, ya bi ta da farar ƙasa. Na roƙe shi har da hawaye. Ya ce, "A ce nan ne gidan magini? Da wane ido zan kalli mutane?" Inna ta aro labule da shimfiɗa a maƙwabta, ta tura Auta gidan Gwaggo kada ya yi tari a gaban baƙi.

Suka zo, mace da namiji, riƙe da kyamara. Suka sha ruwa, suka yaba tsabta. Namijin ya shafa bango ya ce, "Baba, ai ku sai godiyar Allah." Baba har da murmushi. Wallahi ranar na ji haushin iyayena, kuma har yau bai sake ni ba.

Mai wankau ta bayanmu aka zaɓa, wadda ko shara ba ta yi ba. Ba na yi mata baƙin ciki, ita ma tana da buƙata. Da za a fara ginin aka nemi magini a unguwa, aka ɗauki Baba.

Ruwan farko ya sake buɗe tsagar. Da ma shafe ne kawai, kuma Baba ya fi kowa sani. Da safe ya ɗauki kayan aikinsa, yana tsallake kwanukan ɗigo. Auta na kwance a jiƙaƙƙiyar katifa, ya yi tari ya ce, "Baba, in ka gama nasu, namu za ka yi?"

Baba ya tsaya a bakin ƙofa, bai juyo ba. Sannan ya fita.