Katin Wilton

Madam Naquin mai ɗaukar labarin ta tura rikoda tsakiyar tebur ta ce kowa ya faɗi sunansa da shekarar da ya fara fita teku. Ba ta gama rufe baki ba Kyaftin Dudley Verdin ya karɓe zancen, kamar yadda ya saba tun yana da haƙoransa.

"Sittin da tara na fara. Dala goma sha takwas a wuni, kuma wunin teku ba shi da ƙarshe, 'yata. Kwana goma sha huɗu a ruwa, bakwai a gida. Ka dawo ɗanka ya ɓuya a bayan uwarsa yana tambayar wane ne wannan baƙon."

"Ai kai naka har yau tambaya suke yi," wani ya jefo daga ƙarshen tebur. Aka yi dariya har da masu tari.

Tsofaffi bakwai ne a ɗakin taron laburaren garin Larose, dukansu waɗanda suka ci ƙuruciyarsu a jiragen filayen mai. An tara su ne a ɗauki labarinsu tun kafin ƙasa ta rufe musu ido, ko da yake Madam Naquin ta fi haka iya magana. Elray Cheramie ya zaɓi kujerar bakin ƙofa, hularsa a kan gwiwa. Da son ransa ne da bai zo ba. Verna Pitre ce ta sa shi, ta ce a waya, "Kai ne na ƙarshe da ya ga Wilton. In ba ka faɗa ba wa zai faɗa?" Ga ta can jikin bango, tukunyar miyar kuɓewa da jatan lande a gefenta, hoton mijinta Wilton a cinya.

Wilton abokinsa ne tun suna yara suna kamun ƙaguwa a bakin rafi. Elray ne ya tsaya wa ɗansa a wurin baftisma. Tun da Wilton ya rasu, shekara talatin da huɗu ke nan, babu guguwar da ta yaye rufin Verna da ba Elray ne ya fara hawa da guduma ba. Duk garin cewa ake yi ba a taɓa aboki irinsa ba, shi kuwa ba abin da ya ƙi jinin ji kamar wannan maganar.

Hira ta yi nisa. An taɓo abinci, domin tsohon ɗan teku yana iya manta sunan jikansa amma ba ya manta gasasshen naman ranar Asabar. An taɓo yatsun da igiyar ƙarfe ta cinye, biyu daga cikinsu suka ɗaga hannu aka gani. An taɓo shekarar tamanin da shida da farashin mai ya faɗi, aka ɗaure jirage a jere a bakin rafi har ciyawa ta fito a kansu, kyaftin-kyaftin suka koma wankin benen jirgi a rabin albashi suna godiya. Wani ya ce a zamaninsu in ka ambaci ƙungiyar ƙwadago, jirgi mai saukar ungulu na gaba da kai zai tashi, an kore ka ke nan.

Sannan Madam Naquin ta dubi takardarta, ta rage murya. "Gobarar tamanin da tara fa?"

Dudley ne ya tuƙa jirgin da ya tsamo waɗanda suka tsira a ranar, don haka ya ɗauki labarin nasa ne. Ya gyara zama.

"Ki gane, a jirgin haƙar mai akwai allo kusa da kwalekwalen ceto. Kowa da katinsa, sunansa a jiki, gaba fari baya ja. In jiniya ta yi ƙara, ka zo ka juya naka zuwa ja. Shugaban aiki ya duba, duk wanda ya ga nasa fari shi za a je nema. To rannan biyu ne farare, mai gyaran lantarki da Alcide kuku. An samo mai lantarkin, ba a samu Alcide ba. Shi kuwa Wilton katinsa ja ne. Ya zo, ya juya, yana dab da shiga kwalekwale, ya ga babu Alcide, ya koma cikin wutar." Ya nuna hoton da ke cinyar Verna da haɓa. "Namiji ke nan. Sunansa na nan a bangon coci."

Verna ta sunkuyar da kai. Madam Naquin ta juyo da rikodar wajen ƙofa.

"Mista Cheramie, an ce kai da shi ɗakinku ɗaya."

Elray ya ɗauki hularsa. Ya ce zai sha iska, ya miƙe. Yana jin Dudley a bayansa yana cewa, "Ku ƙyale shi, haka yake. Tsohon nan bai taɓa iya ba da labarin ba."

Waje rana ta take, zafi mai ɗanshi ya lulluɓe shi. Ya zauna a bencin da ke ƙarƙashin bishiya yana kallon rafi. Wani jirgin kai kaya yana wucewa a hankali zuwa kudu, bututai jibge a bayansa.

Lahadi ce ranar gobarar. Kowace Lahadi da ƙarfe biyu na rana ake atisayen gobara, kuma babu wanda ya tsane shi kamar masu aikin dare, domin lokacin ne barcinsu ya yi daɗi. Sai aka samo dabara. In abokinka yana barci, ka juya naka ka juya nasa, wani makon shi ma ya yi maka. Kowa ya sani, har shugaban aikin, don shi ma an sha juya masa. Wilton ya sauka aiki da safe bayan awa goma sha takwas a tsaye, ya cusa abin toshe kunne, ya ce, "Ka juya mini, mutumina," ya juya wa bango fuska. Rannan jiniya ta yi ƙara ƙarfe biyu saura minti goma. Elray ya tafi da kofin gahawa a hannu, yana cewa a ransa yau sun yi sammako. Ya juya kati biyu.

Har yau yatsunsa sun san kaurin katin nan. Har yau ba ya iya ganin mutum yana barcin rana. Marigayiya matarsa ta sha yi masa faɗa a kan tashin jikoki, ya bi su ɗaki-ɗaki yana girgiza su ba gaira ba dalili, su farka suna kuka. Wani lokacin in gida ya yi tsit da azahar sai ya ji munsharin Wilton ta bayan bango, mai ɗan fito a ƙarshe, ya fita ya zauna a mota har la'asar. Bai taɓa gaya wa kowa ba, har limamin coci a ɗakin iƙirarin zunubi.

Ƙofar laburare ta buɗe. Verna ta tako da sandarta, ta zauna a ɗaya gefen bencin tana haki.

"Ka bar abincinka yana hucewa. Dudley zai cinye, ka san cikinsa."

"Verna."

"Ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka ce musu ka gan shi ya juya ya koma, shi ke nan. Jikokinsa nake so su ji daga bakin wanda ya gani."

"Ban gani ba."

Ta dube shi. Shi kuwa rafin yake kallo.

"Bai zo wurin allon ba. Ni na juya masa katin. Na ɗauka atisaye ne." Muryarsa ta fito a bushe, kamar ta wani. "Barci yake, Verna. A gadonsa."

Da ya fara kuwa sai ya kasa tsayawa, don ragowar ta fi nauyi.

"Da hayaƙi ya turnuƙe, aka fara tura mu cikin kwalekwale, na manta. Wallahi na manta. Sai da na sa ƙafa a ƙofar na tuna. Shugaban aiki yana tsaye kamar daga nan zuwa motar can, yana ihu an cika, a sauke. Da na yi magana da an tsaya. Mutum arba'in a ciki, wuta tana tahowa ta bene. Na shiga na zauna, na ɗaura bel. Da masu bincike suka zo suka ga katinsa ja, su da kansu suka haɗa labarin Alcide. Ni dai shiru na yi."

Jirgin kayan ya ƙule a kwana. Verna ta kifa hoton a cinyarta, ta dafa shi da hannu biyu. Elray ya jira mari, ko zagi, ko kuka. Ya shekara talatin da huɗu yana shirya wa wannan lokacin, kuma duk ciki babu wanda bai shirya karɓa ba.

"Da abin nan nasa a kunne?" ta ce.

"Da shi."

"Ta wane gefe ya kwanta?"

"Bango yake kallo."

"Haka yake yi." Ta shafi bayan hoton. "Ɗakunan kwana, wuta ce ta fara shiga ko hayaƙi?"

"Hayaƙi. Ta bututun iska. Tun kafin wuta ta isa can da daɗewa."

"Ke nan bai farka ba."

"Ban sani ba. Ina jin bai farka ba."

Ta saki wani dogon numfashi, kafaɗunta suka sauka. Elray bai taɓa lura a ɗage suke ba sai yanzu. Ta daɗe a haka, idonta a rufe, leɓenta na motsi. Da ta buɗe ido babu hawaye, kuma bai ji daɗin rashinsu ba.

"Ka san abin da nake gani in na kwanta? Ina ganinsa yana gudu a lungun nan, rigarsa na ci da wuta, gashinsa na ci, yana kiran Alcide, Alcide. Kullum. Mutane suna ce mini mijinki jarumi ne, ni kuwa ƙaurinsa nake ji a hancina."

"Verna, ki yafe..."

"Tsaya, ban gama ba." Ba ta ɗaga murya ba. "Kati, kowa na juyawa, shi ma ya sha ba ni labari yana dariya. Bakin kwalekwale kuma tsoro ne, ban san me ni zan yi ba da ni ce. Waɗannan tsakaninka da Allah. Amma ka tuna shekarar da na sa aka fitar da murhun gas daga kicin ɗina?"

Ya tuna.

"Kai ka haɗa mini na lantarkin da hannunka. Ka tambaye ni me ya sami na gas ɗin, sabo ne fil. Na ce maka ba na iya kallon harshen wuta, in na kunna shi nake gani a ciki. Kana durƙushe a bayan murhu. Ka san barci yake. Ka ce mini, Allah ya ji ƙansa, ka ci gaba da ɗaure waya."

Daga cikin laburare ana jiyo dariyar tsofaffin, Dudley ya shiga wani labarin.

Verna ta dogara sandarta ta miƙe. Ya yunƙura zai taimaka mata, ta ɗaga hannu, ya koma ya zauna.

"Zan kira ɗana ya zo ya ɗauke ni. Shi kai za ka gaya masa da bakinka, ba ni ba." Ta gyara riƙon hoton a ƙirjinta, ta dube shi tun daga hula har takalmi, kamar mai son tuna inda ta san shi. "Ni dai yau zan yi barci, Elray. Kai kuma ban san maka ba."

Ta juya ta nufi ƙofa a hankali, sandar tana ƙwanƙwasa siminti.