Ranar da Ƙanƙara Ta Sauka a Kusada

Tulin itacen da Arzika ya jibge a tsakar gida da hantsi, kafin azahar rabinsa ya koma toka. Wankan jego ba ya ƙoshi da itace. Tun da matarsa Kubura ta sauka, aka raɗa wa jaririyar suna Hawwa'u, hanyarsa ta zama biyu: daji da rijiya. Ga shi bazara ta kai maƙura a Kusada, ruwa ya gudu can ƙasa, sai da aka ƙara wa guga igiya. Kafaɗunsa sun yi kanta, barci kuwa sai na sata.

Mai kula da wankan ita ce Iya Zinariya, kakar Kubura, wadda ta taso daga Kaikai da ƙullin kanwa da yajinta. Safe da yamma takan tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen runhu ta yi ta fyaɗa wa jikarta har fata ta yi ja. Daga nan sai gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi, sai kunun kanwa mai tururi. Ko ruwan sha sai an ɗumama.

"Kukun Nasara," in ji tsohuwar, tana zungurar sauran itacen da ƙafa, "wannan ne itacen, ko tsinken sakace ka kawo mani?"

"Iya, dajin ne ya ƙare. Saura in faskara sandarki."

"Faskara mana. Miji ba ƙarfi sai baki."

Wasan kaka da mijin jika ne, kuma sunan da take kiransa yana da tushe. Arzika ya taɓa zama yaron kuku a barikin Kankiya, inda Di'o, Baturen mulki, ke sauka in ya fito rangadi. Da mahaifinsa ya rasu ya dawo gona, bai zo da komai ba sai cokali ɗaya da wani gwangwanin biskit mai murfi.

Yau dai dariyar tasa ba ta wuce leɓe ba. Kubura ta daina cin abinci. Tuwo ya shiga ɗaki ya fito yadda ya shiga, kunu ya huce a ƙwarya, madarar da Bafulatana ta kawo da safe aka dafa, ko kallonta ba ta yi ba. Nono ya fara ja da baya. Kukan Hawwa'u, wanda da yake tashin maƙwabta, ya koma siriri kamar na ɗan kyanwa.

Da Iya ta zagaya bayan ɗaki, sai ya matsa bakin ƙofa ya ɗaga asabari. Zafin da ya bugi fuskarsa ya yi kama da na maƙera. Kubura na kwance, gumi ya jiƙe ɗankwalinta, jaririyar na gefe tana tsotsar hannu.

"Kubura, ki daure ki ci wani abu. Ko don yarinyar nan."

"Malam, ba ya wucewa," ta ce, murya a dushe. "Komi na kai baki wuta ne. Abu mai sanyi nike so. Ko ruwan randa, kurɓa ɗaya."

Ya sunkuyar da kai. Ko yaro a garin ya san abin da ake cewa: sanyi in ya shiga mai jego, kumburi ke biyo baya. Shi ma yana jin tsoron. Ya saki asabarin a hankali, ya koma gindin rumbu ya zauna, ya rasa abin da ke masa daɗi.

Wajen la'asar gabas ta haɗe. Iska ta taso ta kwashe faifai da tabarmi, Iya ta hau salati tana jan itace zuwa rumfa. Aka fara yayyafi. Can sai aka ji wani abu yana dukan jinka kamar ana watsa tsakuwa. Kaji suka ruga ƙarƙashin rumbu. Ƙanƙara ce, fara fat, wasu kamar gurjiya, wasu sun kai goro. Kafin ka ce kwabo tsakar gida ta yi fari, daga maƙwabta ana jiyo ihun masu tsinta.

Arzika ya ɗauki ɗaya ya riƙe. Sanyin ya ratsa tafin hannunsa, ya tuno masa da wata rana a bariki. Di'o yana da akwatin sanyi mai cin kananzir. A ranar, Shehu, babban kukun barikin, ya farfasa ƙanƙarar cikinsa a bokiti, ya barbaɗa gishiri, ya dasa gwangwanin madara a tsakiya, ya sa Arzika ya yi ta juyawa har madarar ta daskare. Askirim suke ce masa. Lasar cokali kaɗai Arzika ya samu, amma har yau harshensa bai manta ba.

A ransa ya ce: ai wannan ba ruwan randa ba ne. Madara ce, kuma an riga an dafa ta.

Ya fizgi buhu ya faɗa tsakar gida. Ƙanƙara na ƙwanƙwasar ƙeyarsa, shi kuwa yana kwasa da hannu biyu. Ya shige zaure, ya juye a babbar ƙwarya. Ya lallaɓa madafa ya ɗauko madarar safe da guntun mazarƙwaila, ya haɗa da ƙullin gishirin gidan gaba ɗaya. Ya marmasa mazarƙwailar a madara, ya zuba a gwangwanin biskit, ya danne murfi, ya nutsa shi cikin ƙanƙara ya bi da gishiri.

Sai ya shiga murzawa, gwangwani tsakanin tafuka biyu, kamar mai burga miya. Ƙaras, ƙaras, ƙaras. Yatsunsa suka fara zogi, daga baya suka mutu, ya daina jinsu. Ya buɗe, ya ga gefe ya kama. Ya kankare da cokali zuwa tsakiya, ya rufe, ya ci gaba. Ruwan sama ya ɗauke bai sani ba. Da ya sake buɗewa ya soka cokali, sai cokalin ya tsaya da kansa.

Ya miƙe, ƙwarya a rungume da gwangwanin a ciki, ya nufi ɗakin Kubura. Iya Zinariya na tsaye a bakin ƙofa kamar an dasa ta.

"Ina gishirina?"

"Iya, magani na yi da shi."

"Maganin mi? Buɗe in gani."

Ya buɗe. Ta leƙa, ta lakata da ɗan yatsa ta kai baki. Nan take ta dafe kunci ta runtse ido.

"Wayyo ni! Haƙoran da suka rage mani guda nawa ne, za ka ƙarasa su? Wa ka yi wa wannan?"

Idon Arzika ya kai ga asabari. Tsohuwar ta bi idon da kallo, sai wasa ya bar fuskarta.

"Arzika." Tun zuwanta ba ta taɓa kiran sunansa ba. "Uwar Kubura, Mairama, ɗiyata ce. Irin wannan lokaci ta haife ta. Ta yi ta roƙona ruwan sanyi, tausayi ya kama ni na kau da kai, ta sha. Ba ta kai arba'in ba. Wasu sun ce ajali ne, ban musa ba. Amma ni na wanke ta, ni na goyi abin da ta bari. Ba ni sake kau da kai."

"Iya, ba ta ci. Nono na ƙafewa."

"Na fi ka gani. Kawo nan."

Ta zare gwangwanin daga cikin ƙanƙara, ta naɗe shi da bakin zane, ta wuce murhu. Ta gyara bakin wuta, ta ɗora shi a kan garwashi.

Arzika ya tsuguna ya ajiye ƙwaryar. Daga inda yake yana ganin cokalin ya karkata, ya jingina, ya kwanta. Tsohuwar ta barbaɗa ɗan garin citta tana motsawa da natsuwa, har tururi ya tashi. Wanda ya riga ka barci dole ya riga ka tashi, kuma da me zai yi gardama da matar da ta binne 'yarta? Hannuwansa na cikin ƙwarya, yana ta juya sauran ƙanƙarar da ke narkewa a ruwan gishiri, ba tare da ya san yana yi ba.

"Ungo, kai mata," in ji Iya. "Ni bari in ji da wutar wanka, ruwa ya kusa kashe ta."

Ya karɓa da tsumma ya shiga. Kubura ta yunƙura ta zauna. Ta dubi tururin da ke fita daga gwangwani, ta dube shi, ta yi ɗan murmushin gajiya.

"Tun ɗazu nike jin ka a zaure, ƙaras-ƙaras, kamar ɓera ya samu rumbu."

"Wallahi ya daskare, Kubura. Da kin ga cokali tsaye a ciki."

"Na yarda, Malam."

Ta miƙo hannu za ta karɓa, yatsunta suka taɓa nasa. Ta dakata. Ta ajiye gwangwanin a ƙasa, ta kamo hannuwansa biyu ta ɗora a goshinta, ta gangaro da su kumatu, ta kai su wuya. Ta lumshe ido ta saki wani dogon numfashi. A waje ana jin Iya tana hura wuta tana zagin ɗanyen itace. Sannu a hankali Arzika ya ji yatsunsa suna dawowa, zafin jikinta yana shiga cikinsu, har suka zama hannuwa kamar na kowa.

Sa'an nan ta sake shi. Ta ɗauki gwangwanin ta kurɓa, ta ɗan tsaya, ta sake kurɓa. Ba ta ajiye ba sai da ta ga gindinsa. Ta goge baki, ta jawo Hawwa'u ta sa ta a nono. Ya tsaya yana kallon ɗan muƙamuƙin yana motsi, yana roƙon Allah a zuci.

Da ya fito, Iya ta fizge gwangwanin ta leƙa ciki, ta kife shi, ko ɗigo bai zubo ba.

"Ta shanye?"

"Ta shanye."

"To ka gani! Abin Nasaran naka ba laifi, dahuwa ce kawai bai ji ba. Gobe ka sake yin wani, ni in ɗumama mata."

Arzika ya ɗaga kai. Sama ta washe tas, ko ɗigon gajimare babu. A tsakar gida ba abin da ya rage sai taɓo da yagaggun ganyen kuka, kaji sun fito suna tono.

"To, Iya," ya ce. "In Allah ya kawo."

"Kuma ka sani gishiri ya ƙare, itacen nan duk ya jiƙe."

Ya zubar da ruwan ƙwaryar a gindin danga, ya saɓa gatari, ya fita tun rana ba ta faɗi ba.