Hannun Rage Gudu

Duk Kebbe an san ladabi ne ya kayar da motar Ɗan'iya. Yana tafe da albasar Alhaji Ɗangiwa, dab da Fakku, sai ya hango mai gari bisa doki. Maimakon ya danna ham ya wuce, sai bawan Allah ya saki sitiyari, ya dunƙula hannu biyu ya yi jinjina. Mai gari ya amsa gaisuwa, mota kuwa ta nufi rami ta kwanta kan haƙarƙarinta. Ba wanda ya mutu, amma matan Fakku sun daɗe ba su sayi albasa ba.

Lokacin matarsa Zahara'u tana gidan ubanta, Malam Maccido, wurin wankan jego. Aka yi arba'in, aka wuce, ba a maido ta ba. Da Ɗan'iya ya aika manya bin sawu, tsohon ya ce a gabansu ɗiyarsa da jikansa ba su komawa hannun mutumin da ke tuƙi da ka. Ya ji a rediyo gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe makarantar direbobi a Tambuwal, to ya tafi ya samo lasin. Ranar da ya kawo, ranar zai ɗauki iyalinsa.

Abin ya yi wa Ɗan'iya ciwo ƙwarai. Ɗansa ma sau ɗaya ya gan shi, ranar suna, an naɗe shi cikin zane. Ya ɗaure 'yan tufafinsa ya nufi Tambuwal.

Makarantar dai rumfar zana ce bayan kasuwa. Malaminta Malam Ladan, an turo shi daga Kaduna, da gajeren wando da doguwar safa har gwiwa, cikin zafin da jaki ma ke neman inuwa. Akwai motar koyo, sabuwa ful, sai dai tun ranar da aka buɗe makarantar wani babban mutum ya are ta kwasar gyaɗa, kuma gyaɗar ta ƙi ƙarewa. Saboda haka aka jera direbobi kan benci, ƙattin mutane masu gemu, kowa aka ba shi faifai ya riƙe a matsayin sitiyari. Malam Ladan ya ce a yi kwana, su karkata faifai. Ya ce birki, su take ƙasa. Masu tallan fura kan tsaya bakin rumfar su yi ta kallo har furarsu ta yi tsami.

Amma fa Malam Ladan ya san abin da yake faɗa. Ya ce yanzu an samu 'yancin kai, ƙasa tamu ce, kuma mu ne muke kashe junanmu bisa hanya da gudu da barci da gaishe-gaishe. Da ya zo kan gaishe-gaishe ya dubi Ɗan'iya, aji duka ya dubi Ɗan'iya. Ya ce hannu ba ya barin sitiyari sai don abu ɗaya, wato yi wa na baya alama. Za ka juya dama, ka miƙe hannu sambal ta taga. Kana son na baya ya wuce ka, ka saukar da hannu ka kaɗa shi daga baya zuwa gaba. In kuwa gudu za ka rage, ka fitar da hannu, tafi yana duban ƙasa, ka riƙa ɗaga shi kana saukarwa.

Da suka gwada wannan na ƙarshen, sai ga mai fura ta shigo rumfar tana tambayar na nawa za a dama. Ɗan'iya ya ce, cikin ladabi, "Malam, wanga hannun ai kira na. Haka aka yafito yaro."

Malam Ladan ya ce shi bai san wannan ba. Littafin ƙa'idar hanya bai ce kira ba ne, kuma littafin daga Ingila aka kawo shi, inda suka fi mu sanin mota. Wanda bai yi alamar nan ranar gwaji ba, ko uban wa ya tsaya masa, ba lasin.

To, Ɗan'iya ya sa kansa. Yana cin tuwo yana rage gudu, yana alwala yana juya dama. Har ya kai in ya zo shan kwanar lungu da ƙafa sai hannun ya fita da kansa.

Da kaka ta wuce gyaɗar babban mutum ta ƙare, aka maido mota, fitila ɗaya a fashe. Aka fara gwaji. Da layi ya zo kan Ɗan'iya, Malam Ladan ya hau gefensa ya ce a kama hanyar Kebbe, don ita ce mai ramuka, a nan ake gane direba. Ɗan'iya ya tuna ranar kasuwar Kebbe ce, kuma ya san inda surukinsa ke zama ranar kasuwa.

Tafiya ta yi kyau. Ya bi hannun hagu yadda doka ta ce, ya sauya giya ba ƙara. Suka wuce wani limami da ya koya masa karatu, ya cije leɓe bai saki sitiyari ba, sai dai ya gaishe shi a zuci. Malam Ladan na ta gyaɗa kai.

Suna shiga Kebbe ya hango tsamiyar bakin kasuwa, can hannun dama, daidai tagar direba. Ga Malam Maccido bisa buzu da farin rawani, dattawan gari sun kewaye shi. Wannan mutum ne da Ɗan'iya bai taɓa wucewa gabansa da takalmi ba, bai taɓa duban tsakiyar idonsa ba, sunansa ma ba ya iya faɗa. Ga kuma jakai da awaki da mata masu ƙwarya sun cika hanya, dole a rage gudu. Ya take birki a hankali, hannu yana kan sitiyari, yana fatan malamin bai lura ba.

"Ina alama?" in ji Malam Ladan.

Ɗan'iya ya yi lissafi. In bai yi ba, ba lasin, ba Zahara'u. In ya yi, ya yafito surukinsa gaban kasuwa. Ya tuna da ɗan da ya gani cikin zane. Ya ce bismilla, ya fitar da hannu, ya ɗaga ya saukar, ya ɗaga ya saukar, kansa na duban gaba kamar an dafe shi.

Malam Maccido ya waiga bayansa ko akwai wani yaro da ake kira, babu kowa sai kututture. Sai ya ce a ransa lalle mutuwa aka yi, don ba abin da zai sa yaron nan ya kira shi da hannu sai rasuwa. Ya miƙe ba takalmi yana salati, ya nufo mota. Dattawa suka biyo shi. Mutanen kasuwa kuma kowa ya ɗauka shi ake kira: mai rake ya rugo, mai kaji ya rugo, masu neman motar Tambuwal suka fara jefa kaya cikin bodi. Hanyar da ake son ta buɗe ta toshe ƙam. Allah ya taimaka motar tana rarrafe ne, ta tsaya hancinta na taɓa babbar rigar tsohon.

"Wa ya rasu?" in ji Malam Maccido.

Malam Ladan ne ya leƙo ya ce ba wanda ya rasu, alama ce. Ganin taro ya samu, har ya hau bisa matakin mota ya yi wa kasuwa lacca, ya nuna musu hannun dama, da hannun rage gudu, da hannun wuce, ɗaya bayan ɗaya. Tsohon ya tsaya ya kalla har ƙarshe, ƙafa cikin ƙura, ya koma bisa buzunsa. Malam Ladan kuwa ya dafa kafaɗar Ɗan'iya ya ce tun da ya fara aiki bai ga alama mai kyau irin wannan ba, ya ci gwaji.

Da lasin ya fito, Ɗan'iya ya tafi gidan surukinsa da hantsi. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa bakin zaure, ya ajiye takardar gefen tabarma, ya yi gaisuwa. Ba amsa. Ya sake. Tsohon na jan tasbaha yana duban bango. Can sai ya saukar da hannunsa, ya kaɗa shi daga baya zuwa gaba.

Wuce. Ɗan'iya ya san alamar sarai, ita ake yi wa wanda ake son ya yi gaba ya ba mutum wuri. Idonsa ya cika da ƙwalla. Ashe ya samu lasin ya rasa mata. Ya ɗauki takardarsa, ya ɗauki takalminsa a hannu, ya juya zai tafi. Bai kawo a ransa ba cewa in mai gida ya ce wuce a bakin zaure, ciki yake nufi.

Ya yi 'yan taku ya waigo. Zahara'u na tsaye a ƙofar cikin gida, yaro a kafaɗa, ya yi girma har yana riƙe wuyansa. Ta fitar da hannu, tafi yana duban ƙasa, tana ɗagawa tana saukarwa. Ɗan'iya, ɗalibin kirki, ya rage gudu, ya tsaya cik inda yake. Ta ƙara yi da sauri, ya ƙara ƙamewa.

Tsohon ya ajiye tasbaha, ya yi magana bai dube shi ba.

"Kiranka taka yi, direba. Wanga hannun namu na, ba na Ingila ba."