Tazargaden Inna Saude

Halilu ya riga ya ɗaga fartanya sa'ad da Rekiya ta leƙo ta ɓarakar darni. Mahaifiyarsa, Inna Saude, ta jawo jiki daga ƙofar ɗaki tana tari, ta zauna daram a gefen kwamin tazargadenta, ta miƙe ƙafafu a kan bakinsa.

"Sare," in ji ta. "Amma ka fara da ƙahwata."

Shekarar fari ce, ta 1973. Rijiyar unguwarsu a Shinkafi sai an jona igiya biyu kafin guga ya taɓa ruwa, shanun Fulani kuwa suna faɗuwa a hanyar Badarawa. Halilu ya ce kunya ta ishe shi, ko'ina ya zauna ana cewa tsohuwarsa tana shayar da ciyawa alhali dabbobi na mutuwa. Ita kuma ta amsa cewa ba ta taɓa ɗibar tulun kowa ba. A kan kwamin take alwala, abin da ya zubo daga hannunta shi ne rabon shukar. Halilu ya jingine fartanyar ya fita ba sallama.

Rekiya ta zagayo ta kama ta ta tashi. Shekara goma sha ɗaya suna makwabtaka, ta san asalin shukar. Daga Jangeru Inna Saude ta zo da saiwarta a cikin tsumma, wani ɗan'uwanta mai fatauci ne ya kawo mata daga Nijar. Ganyenta fari-fari, mai laushi, idan aka murza sai ƙamshi mai ɗaci ya kama yatsu. Duk rani takan yi kamar ta mutu, ta sake tsirowa daga gindi. Inna takan shanya ganyen a inuwa, ba a rana ba, ta dafa wa mai zazzaɓi, ta tura ragowar cikin adaka don kada asu ya ci zannuwa.

Ba a yi wata guda ba zazzaɓi ya shigo unguwar. Matan da suka fi kowa surutu su ne suka fara sallama a ƙofar Inna. Ba ta hana kowa ba, amma ba ta yi musu sauƙi ba: duk mai son ganye sai ta zo da ludayin ruwa, ta zuba a gindin shukar da hannunta, Inna na kallo. Har Adda Kulsumu, wadda ta fara yaɗa maganar, sai da ta durƙusa ta zuba.

Tarin Inna dai bai ji tazargade ba, ita ma ta sani. Halilu ya samo mota zai kai ta asibiti a Ƙaura, ta ce ba ta zuwa. Ya kawo Liman ya yi mata nasiha, ta saurara har ƙarshe, ta gode masa, ta ce ita ta ji a jikinta lokaci ya yi, kuma a gidanta za ta jira shi. Rekiya ta ji haushin taurin kan nan, har ta kwana biyu ba ta shiga ba. A rana ta uku ta dama kunu ta kai.

Ranar Laraba da hantsi Inna ta sa aka shimfiɗa mata tabarma kusa da kwamin. Numfashinta yana fita da ƙyar. Ta sa Rekiya ta tone gefen gindin, ta nuna mata da yatsa inda saiwar ta rabu biyu.

"Nan za ki tsaga. Yau, tun rana ba ta yi zahi ba."

"Inna, ki bari sai kin ji sauƙi."

"Ke ɗiyar ga, saiwar da anka buɗe ba ta jiran kowa."

Ta nemi ruwa, ta kurɓa kaɗan, ta yi kalmar shahada sau biyu. Ana cikin aika wa Halilu ta cika.

Aka yi mata wanka aka suturta ta. Maza na fita da makara, gidan ya cika da mata, Rekiya ta koma gun kwamin ta durƙusa da wuƙar yankan kuɓewa. Adda Kulsumu ta matso ta ce mata wannan ba aikin yau ba ne, mutane na kallo, ta bari a yi sadakar uku.

"Yau ta ce," Rekiya ta amsa, ba ta ɗago ba.

Ta tsaga saiwar, ta mai da ƙasa kan rabin da ya rage. Ɗaya rabin ta ɗauka ta ratsa tsakanin matan da ke zaune, suna janye ƙafafunsu, ta shiga gidanta. A bayan madafa akwai wata fasasshiyar tukunya. Ta cika ta da ƙasa, ta dasa, ta danna da babban yatsa. Sai a lokacin hawaye suka zo mata. Ta zauna a ƙasa, ta jawo tukunyar cikin inuwar bango.