Akwatin Bayan Kabad

Ranar da surukin Kafinta ya ba shi injin fere katako, tambaya ɗaya ya yi masa. Tsohon ya dafa injin da ya ciyar da iyalinsa da shi shekara talatin, ya ce, "Wannan wuta mai layi uku yake ci. Kana da ita a shagonka?"

Kafinta ba shi da ita. Duk titinsu wuta mai layi ɗaya ce, irin ta fanka da firji. Amma ga matarsa a bakin ƙofa tana saurare, ga tsoho ya zuba masa ido, ga kuma inji da ya daɗe yana mafarkin irinsa. Sai kawai ya ji bakinsa ya ce, "An jawo mini ita tun watan jiya, Baba." Baki dai shi ke yanka wuya, kuma nasa bai ko yi shawara da shi ba.

Mai gyaran wutar unguwa ne ya fitar da shi. Ya haɗo masa wani akwatin ƙarfe da bai fi kwalin takalmi ba, ya jona shi tsakanin bango da inji. Da aka danna, inji ya yi gurnani ya tashi.

"Ka ji da kyau, maigida," in ji mai gyaran wuta. "Akwatin nan ba layi uku yake ba ka ba. Kwandansan da ke ciki, masu tara wuta, tura moton injin kawai suke yi ya tashi, da ya kama gudu sai su sake shi. Kashi biyu cikin uku na ƙarfinsa za ka samu. Ka riƙa ci kaɗan-kaɗan, abin da ake ferewa sau ɗaya ka yi shi sau biyu. In ka ji muryarsa ta yi ƙasa, ka janye katakonka."

Kafinta ya ji, kuma ya kiyaye. Sai dai ya jawo kabad ɗin kayan aiki ya rufe akwatin, ya bi wayar da fenti kalar bango. Wata huɗu yana aiki lafiya lau. Duk sanda matarsa ta ce Baba na tambayar inji, sai ya ce a gaishe shi, ya canja zance.

Wata safiya yana cikin auna ƙafar tebur ya ji sallama. Surukinsa ne, da sabuwar sanda, ya rame bayan jinyar da ya sha. Bai ma zauna a kujerar da aka jawo masa ba. Wurin inji ya nufa, ya shafa teburinsa, ya duba wuƙaƙen, ya gyaɗa kai.

"Ka riƙe shi da kyau," ya ce. "Su a gida ko kofin shayi ba sa bari in ɗauka, wai hannuna na rawa. Ba ni katako ɗaya in ga ko har yanzu ni ne."

Da kansa ya zaɓa: wani katako ja, mai faɗi, mai taurin tsiya. Ya jingine sanda, ya kama mariƙin da ake saita zurfin ci da shi, ya murɗa. Kafinta yana tsaye a bayansa yana ƙirgawa. Shi kullum sau ɗaya yake murɗawa. Tsoho ya murɗa uku, kamar yadda ya saba a shagonsa mai cikakkiyar wuta.

Magana ɗaya ce za ta tsayar da shi, kuma tana nan a kan harshen Kafinta. Amma in ya ce a rage, za a ce don me, in kuma aka ce don me, sai an jawo kabad. Ya ce a ransa wataƙila moto ya jure sau ɗaya. Ya danna makunni.

Katako ya shiga, dusa ta fara tashi. Kafin ya kai rabi muryar inji ta yi ƙasa. Tsoho, da ya san ƙarfin injinsa kamar yunwar cikinsa, ya ɗauka ƙulli ne a jikin katako, ya ƙara dannawa. Inji ya yi nishi, ya tsaya yana kuka a ciki. Kafin Kafinta ya kashe, warin ƙonannen koyil, wayar cikin moto, ya cika shagon, hayaƙi siriri na fita ta bayan moton.

Tsoho ya daɗe yana kallon hannayensa. "Shekara talatin bai taɓa yi mini haka ba," ya ce a hankali. "Ashe gaskiyarsu ce a gida. Ban san abin da na murɗa ba. Ka yafe mini, ɗana, na zo na kashe maka sana'a."

Wannan kalmar ce ta karya Kafinta. Kunya irin wadda bai taɓa ji ba ta rufe shi, har ya ji da ma zaginsa aka yi. Ya sa kafaɗa ya ture kabad, gudumomi da ƙusoshi suna zuba ƙasa.

"Ba hannunka ba ne, Baba. Ban taɓa samun layi uku ba. Wannan akwatin ne ke tayar da shi, kuma ba ya ɗaukar ci mai zurfi."

Tsoho ya sunkuya ya dubi akwatin. Ya san irinsa, bai nemi ƙarin bayani ba. Ya miƙe da ƙyar, ya laluba ya ɗauki sandarsa.

"Lokacin da nake murɗawa, kana ina?"

"Ina bayanka, Baba."

"Ka ga na murɗa uku?"

"Na gani."

Tsoho ya karkaɗe dusar da ke gaban rigarsa. Kafinta ya ce bari ya fito da babur ya kai shi gida.

"Bar shi, Malam," in ji tsohon. "Zan taka."