Wuta Ta Yi Sanyi

Injin niƙan na yayansa ne. Shi dai makullin shago ne a hannunsa, da shi yake ci da iyali, kuma duk safiya in zai buɗe ƙofa sai ya tuna cewa wanda ya ba shi makullin yana iya karɓe abinsa. Yaya bai taɓa faɗa da baki ba. Kallo kawai yake yi.

Ranar da abin ya faru, tun hantsi ƙwan fitilar shagon ya koma ja kamar garwashi. Injin yana gurnani, bel yana jan ƙafa, ga mata sun jera robobin masara har bakin titi. Mai-niƙa yana zuba hatsi yana satar kallon tsallaken hanya, inda wani ya kafa inji mai amfani da mai. Duk wadda ta gaji da jira can take tsallakawa, kuma ba ta dawowa.

Ana cikin haka 'yarsa ta fari ta kawo masa abinci. Karatun lantarki take yi a kwalejin fasaha, mitar awon wuta ba ta barin jakarta. Ta ajiye kwanon, ta saurari kukan injin, ta ciro mitar ta gwada a jikin soket, sannan ta maƙala ta a wayar injin.

"Baba, kashe shi."

"In kashe me? Ba ki ga layi ba?"

"Volt ɗari da saba'in ne, maimakon ɗari biyu da ashirin. Zai ƙone."

Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "Ke dai da boko. Wuta ta yi sanyi, ko fitila ta kasa kamawa, da me za ta ƙona ƙarfe? Wuta mai ƙarfi ita ke ƙona kaya, kowa ya sani."

"Baba, mu komai wuta muke ce masa, amma abu biyu ne. Akwai volt, akwai amfiya. In ka ninka su, shi ne ƙarfin da injin ke aiki da shi." Ta sa yatsa ta rubuta a kan garin da ya rufe benci. "Wannan yana neman wat dubu biyu da ɗari biyu. Ran da wuta ta cika, amfiya goma ta ishe shi. Yau da volt ya faɗi, sha uku yake ja don ya cike giɓin."

"To, ukun ce za ta kashe mu?"

"Wayar da aka naɗe a cikinsa tana da turjiya, tana tare wuta, shi ya sa take zafi. Zafin kuma amfiya sau amfiya ne sau turjiyar. Goma sau goma, ɗari. Sha uku sau sha uku, ya kusa ɗari da saba'in. Taɓa ka ji."

Ya taɓa, ya janye hannu da sauri. Bai kama lissafin duka ba, amma tafinsa ya gaya masa gaskiya.

"Mai-niƙa!" in ji wata tsohuwa daga layi. "Makaranta muka zo ko niƙa? Injiniya, ki bari a sallame mu, sai ki koya masa karatun."

Mata suka kwashe da dariya. Biyu suka ɗauki robobinsu suka tsallaka titi. Ya bi su da ido.

"Roba uku kawai," ya ce ƙasa-ƙasa. "Sai in kashe."

"Baba..."

"Je ki gida, na ce."

Ba ta tafi ba, ta koma bakin ƙofa ta tsaya. A roba ta biyu wari ya tashi, irin na robar da ta narke. Injin ya yi wani dogon nishi, hayaƙi ya fito ta hancinsa, ya yi tsit.

Kafin hayaƙin ya washe labari ya kai wa Yaya. Ya shigo yana toshe hanci da gefen riga, ya daɗe yana kallon injin, sannan ya juyo.

"Yaya aka yi?"

Mai-niƙa ya buɗe baki zai ba da amsa. Tsohuwar ce ta riga shi.

"Ai lafiya lau yake aiki, sai da yarinyar nan ta tsoma masa wani abu mai wayoyi."

"Baffa, aunawa kawai na yi," in ji 'yar. "Mita ba ta ƙona inji. Na ce a kashe shi. Tambayi Baba."

Yaya ya mai da ido kan ƙaninsa. Kallon nan ne dai. Mai-niƙa ya ji nauyin makullin a aljihunsa. Ya tuna ƙannen 'yar tasa huɗu a gida, da uwarsu, da shekarunsa da suka wuce na fara neman wata sana'a.

"Na hana ta," ya ce, idonsa a ƙasa. "Ka san yaran yanzu."

Yaya ya ja tsaki. "To, Injiniya, an gode. Daga yau kada ƙafarki ta sake taka shagon nan. Kai kuma, in ba ka iya da gidanka ba, ka iya da dukiyar mutane. Gobe a kai injin wurin mai naɗin koyil ya sake masa waya."

Ba ta yi kuka ba, abin da ya fi ci wa uban rai ke nan. Ta naɗe wayoyin mitar a hankali, ta rataya jaka, ta durƙusa ta ce, "A yi haƙuri, Baffa," ta fita.

Da yamma ya koma gida. Ita ta kawo masa ruwan wanka kamar kullum, ta yi masa sannu da zuwa. Ya riƙe ta da hira, ya tambayi makaranta, ta ce lafiya. Ya ce ai Yaya zai huce, ta ce haka ne.

"Akwai wani aiki, Baba?"

"Babu."

Ta shige ɗakin uwarta ta saki labule. Washegari da sassafe ya nemo mai kura, suka ɗora injin, ya kulle shagon da hannunsa.